Masakwar bana da ƙoran irin mata

Litinin, 12 ga Agusta 2024

An gama maganar gona. Kar biyu, wato rabin hekta, a karal ɗin wajen Salak, kusa da Marwa a arewacin Kamaru, hayar shekara guda jaka 30 ta sefa. A gaban jauro, wato mai garin, aka biya, Kawu ne shaida. Da mai gonar ya ji mace ce za ta riƙe, sai ya nemi ƙarin jaka 5, wai ciyawa za ta cinye masa ƙasa. Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa, nan take mutumin ya sauko.

Yanzu gonar ruwa ne kwance, ba abin da za a yi mata sai ido. Haka karal yake, baƙar laka mai danƙo. Sai ta sha ruwan damina ta ƙoshi, sama ta ɗauke, sannan a dasa mata masakwa, dawar ta rayu da wannan laimar kaɗai har wajen Fabrairu. Fulanin nan Diyamare muskuwari suke ce mata, mutanen Cadi berbere.

Aikin kashi biyu ne. Na farko masakwar, da irin da Kawu ya gada, ba na kasuwa ba. Na biyu shi ne ya tashe ni tun asali: irin kayan miya da ke hannun tsofaffin matan unguwarmu. Tun bazara nake bi gida-gida ina roƙa, kuma a farkon Yuli na shuka abin da na samu a kangon bayan gida: kuɓewa, yakuwa, karkashi, lalo, wake iri biyu, riɗi, da duma a jikin darni. Kowane iri zan zana masa ƙwarya mai ɗauke da labarin matar da ta riƙe shi, a zuba irin a ciki.

Asabar, 17 ga Agusta

Mun watsa irin dashe na farko a tsohon makwancin shanu, ƙasa mai rairayi. Kawu ya sauko da zangarniyoyin daga rufin madafa, sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi, kuma hayaƙin ne ya tsare su daga ƙwari. Iri huɗu ne: safrari mai ruwan ɗorawa, wanda ya fi yawa a ƙasar nan, majeri fari, ajagamari mai ƙwaya ƙarfafa da garin tuwo mai kyau, sai burguri, wanda Inna ke yatsine fuska in an ambace shi saboda ɗacinsa.

Kafin mu watsa na gwada: ƙwaya ɗari-ɗari a jiƙaƙƙen tsumma, a inuwa. Safrari 88 suka tsiro, majeri 81, burguri 90, ajagamari 54 kacal. Kawu ya ce zangarniyar ajagamarin ta kwana biyu, ta shekarar waccan ce. Mun ninka masa yawan iri.

Kuɗin sassabe da shinge na ƙaya: jaka 3.

Alhamis, 22 ga Agusta

Na wuni wajen Goggo da littafi a hannu, ta hana ni rubutu sai da na tsince mata shinkafa.

Kuɓewarta gajera ce mai kauri, da gashi-gashi a jiki, tana daɗewa kafin ta fara 'ya'ya, amma in aka yanka aka shanya, yauƙinta ba ya mutuwa ko ta kai wata damina. Uwar Goggo ce ta taho da irin kuɓewar daga ƙasar Kano, ta Yola, lokacin da mijin uwar ke fataucin goro da tufafi, suka zauna a Hausare a Garwa. Can Goggo ta yi auren fari. Na biyu a Gidar, na uku nan Marwa. Sau biyu ta fita gidan miji ba da daɗin rai ba, sau ɗaya ma ko tabarma ba ta ɗauko ba.

Na ce, "Goggo, to irin fa?"

Ta ce, "Ke 'yar nan, gado da kwanuka ake riƙe wa mace. Wa zai kwance miki bakin zane?"

Abin da nake ta ji ke nan a kowane gida, da kalmomi daban-daban. Dawa da gero na maigida ne, suna zaune a rumbu, a gari ɗaya, ɗa ya gaji uba. Irin miya kuwa yawo yake yi, ana ƙulle wa amarya shi cikin gara, ya bi ta duk inda aure ya kai ta, ya bi ta in ta fito. Malaman gona in sun zo ƙauye maza suke tarawa a gindin darbejiya, su tambayi dawa da auduga. Ban taɓa jin an leƙa cikin gida an tambayi wata tsohuwa daga ina karkashinta ya fito ba.

Juma'a, 30 ga Agusta

Ruwan daren Laraba ya tafi da irin dashen. Ba wai ya kwanta ba ne, ya tafi da shi: ruwan da ya gangaro daga tudu ya yanka tsakiyar wurin, ya bar rami har gwiwa, abin da ya rage a gefe kuma yashi ya binne shi. Daga cikin huɗun burguri ne kawai ya tsira, shi ma kusan rabi. Na tsaya ina kallo, Kawu ko a jikinsa. Ya ce dama ba mai hankalin da ke watsa irinsa duka a rana ɗaya, domin ba wanda ya san ranar da sama za ta ɗauke, shi ya sa ake yi hawa-hawa, tsakanin kowane da kowane kwana goma ko fiye. Ya ɓoye kashi biyu cikin uku bai gaya min ba.

Yau mun watsa na biyu a wuri mafi tudu, muka ja masa kunya ta sama don ta karkatar da ruwa. Abin da ke damuna ajagamari ne, ɗan abin da ya saura bai cika tafin hannu biyu ba.

Namu ma da sauƙi. Labarin da ke zuwa daga Yagwa da Maga ba daɗi, ruwa ya ci gidaje da gonaki, mutane na kwana a makarantu. Mayo Kaliyawo da muka saba takawa da ƙafa a rani, yau ya cika ya batse.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na biyu ya tsiro. Cire ciyawa a kangon gida. Kuɓewar Goggo ta fara fure, na ɗaura jan zare a gindi biyar da ba za a taɓa ba, na iri ne. Na gargaɗi yaran gida.

Asabar, 14 ga Satumba

Na fara zama wajen Dada, Bafulatanar da ke zanen ƙwarya a bayan masallacin unguwa. Na iya zane da fensir tun ina makaranta, amma wuta wani abu ce daban. Wuƙaƙe uku take sawa a garwashi, ƙanana masu ƙotar itace, tana aiki da ɗaya biyu na zafi. Ƙwaryar na kife a cinyarta, ita take juyawa, wuƙar kusan a tsaye take wuri ɗaya. In wuƙa ta yi ja sosai sai ta huda, in ta huce sai ta yi ta karce ba baƙi. Ba ta awo, ba ta zana komai tukuna, amma in ta zagayo layin sai ya haɗu da mafarinsa. Hayaƙin na shiga ido, yana da wani wari mai ɗaci da ke kwana a zane.

Na sayi ƙorai shida na koyo a kasuwar Litinin, jaka 3 da rabi. Biyu sun riga sun huje.

Da farko na yi niyyar zana matan kansu, fuska da ɗaurin kallabi. Malam, maigidana, ya ce shi bai so a shigo masa da surar mai rai gida ba. Ina shirin musu sai Dada ta raba gardamar ta wata hanya: ta ce fuskar tsohuwa ɗaya ce da ta kowace tsohuwa, in dai labari nake so in zana hanya. Ga abin da muka tsayar. Zobe a gindin ƙwarya gidan uwa ne. Daga nan layi ya tashi yana zagayawa sama. Kowane gidan aure alama mai kusurwa uku. Rafi in an ƙetare, layi mai lanƙwasa. 'Ya'ya ɗigo-ɗigo a gefen gidan da aka haife su. A baki kuma ganyen shukar.

Litinin, 16 ga Satumba

Mauludi, ba aiki. Irin dashe na uku jiya.

Laraba, 25 ga Satumba

Ruwa ya fara janyewa daga karal, ciyawa ta kai ƙirji. Nan ne kuɗi ke tafiya, nan ne kuma maganar "noma ba guba" ke haɗuwa da gaskiya.

Samarin da ke saukowa daga duwatsun wajen Mokolo kowace shekara don wannan aikin sun ce jaka 10 kowane kar. Mun daidaita a 9, da abincin rana. Da wata doguwar adda mai lanƙwasa suke yi, suna sara daidai da ƙasa, a sunkuye tun hantsi, ƙafa cikin taɓo, ga sauro ga macizai. Maƙwabcina na gabas kuwa yaro ɗaya ya ɗauka da famfon feshi a baya, maganin glifosat, kafin azahar ya gama abin da mutum huɗu za su kwana uku a kai. Abin da ya kashe bai kai rabin nawa ba.

Ba zan zage shi ba. Hekta uku gare shi, 'ya'yansa biyu na tuƙin babur a gari, ɗaya na jami'ar Marwa, ba mai kama masa. Akwai kuma shinkafar daji, mai saiwa tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, adda kanta kawai take cirewa, maganin ne ke bin ta har gindi. Masu zuwa daga birni su yi wa manomi wa'azin ya bar feshi, ba bayansu ne ke sunkuyawa ba.

Dalilina na ƙin yi ƙarami ne kuma a ido nake ganinsa. A bakin karal da kan kunyoyi ne matan ƙauyen ke tsinkar tafasa da lalo da sauran ganyen da suke shanyawa na miyar rani. Wanda ba shi da gona ma yana da wannan. Inda aka yi feshi ba a tsinka, ko ya tsiro ba mai yarda ya ci. Iska ta kwaso feshin maƙwabcin ta ƙone min tafasar kan iyaka, taku kusan uku. Na yi masa magana, ya ba da haƙuri, ya ce badi zai yi da sassafe kafin iska ta tashi.

Sara: jaka 18. Abinci: jaka 4.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ciyawa ta bushe, mun sa wuta da yamma bayan an share iyaka. Ta ci da kyau. Toka ta rufe gonar.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ruwa jiya da dare, mai ƙarfi, bayan kowa ya ce an gama.

Ga wanda bai san karal ba, ruwa alheri ne. A wannan gaɓar kuwa ɓarna ce. Amfanin ƙuna shi ne ta cinye ciyawa da 'ya'yanta, saman ƙasa ya bushe, kada wani abu ya sake tsirowa ya yi wa dawa kishiya a laimar da ke ƙasa. Yanzu sama ya jiƙe, nan da kwana kaɗan gonar za ta yi kore shar, kuma babu busasshiyar ciyawar da za a sake ƙonawa. Waɗanda suka riga suka dasa nasu ya fi muni: ramukan sun cika, laka ta rufe wuyan dashen, da yawa zai ruɓe.

Irin dashe na biyu ya kai kwana arba'in, ya fara tsufa, kara na tauri. In muka ƙara mako biyu ya wuce. Kawu ya ce mu haƙura da shi, mu dogara da na uku, a ɗauki na biyun a cike gurbi. Ajagamari a na biyu kawai yake. Na ce ko ya tsufa sai an dasa shi, in ba haka ba irin ya fita daga gidanmu ke nan. Ya yi shiru, can ya ce, "To, ɗiyata, layi goma. Kada ki sa rai."

Maƙwabcin gabas zai sake feshi. Ni sai fartanya. An ce jaka 6.

Asabar, 19 ga Oktoba zuwa Laraba, 23

Dashe.

Da asuba ake tumɓuke irin, a yanke kan ganye, a rage saiwa, a ɗaure dami-dami a tsoma gindin cikin ruwa. A gona mutum uku ne layi. Na gaba na riƙe da goforiwal, turke mai nauyi da ƙarfe a baki, ya ɗaga da hannu biyu ya soka, ya jujjuya, rami ya kai kamu guda, ya yi dogon taku ya sake. Na biyu na bin sa da bokiti, ƙoƙo ɗaya kowane rami. Na uku ya sa dashe biyu. Ba a rufe ramin. Wannan ƙoƙon shi ne ruwan ƙarshe da dawar za ta gani daga hannun mutum. Kar ɗaya na cin rami wajen 2,500, sai ka lissafa bokitan da aka ɗebo daga kududdufi.

Ni na riƙe zuba ruwa, da ni da 'yata da matan ƙauyen biyu. Ban san akwai wata tsoka a ƙasan kafaɗa ba sai ranar Lahadi.

Safrari a tsakiya, ya ci fiye da rabi. Majeri ta yamma. Ajagamari layi goma kusa da kududdufi inda laima ta fi. Burguri mun zagaye gonar da shi, saboda ɗacin nan da Inna ke ƙi, tsuntsu ma yana ƙinsa.

Masu turke jaka 20. Abinci da goro jaka 5.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Galibi ya kama. Kwanakin farko duk ya kwanta ya yi fari, sai ka rantse ya mutu, yanzu sabon ganye na fitowa daga tsakiya. Ajagamari kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Roron wake a kangon gida, da maganar ajiya, wadda ta kusa rushe min tsarin ƙoran gaba ɗaya.

Ƙwarya tana numfashi. Kuɓewa da yakuwa da riɗi ba ruwansu, amma wake in ka zuba shi haka kawai ka rufe da faifai, kafin azumi ya zama gari, domin ƙwaron tun daga gona yake shigowa, ƙwansa na manne a jikin ƙwayar. Inna ta ce toka: a tankaɗe ta, kwano na toka kwano na wake, a cakuɗa, a ƙara wata a sama. Tokar na cike tsakanin ƙwayoyin, ƙwaron da ya fito ba ya samun wurin motsi balle ya hayayyafa. Waken ci kuwa na sa shi a buhun PICS, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban, iska ta ƙare ƙwaron ya mutu ba magani. Mutane na ɗauka daga Turai dabarar ta zo ɗungurungum, alhali a nan arewacin Kamaru aka fara gwada ta, a ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masu binciken noma na Marwa, cibiyar da yanzu ake kira IRAD, da jami'ar Purdue ta Amurka. Su ma sun auna dabarar tokar tsofaffi sun ga tana aiki.

Saboda haka ƙwaryar wake za ta ɗauki wake da toka. Buhu ɗaya: jaka 1 da rabi.

Wake na biyu, ƙanana masu jan ido, na maƙwabciyarmu ne da ta zo daga wajen Kolofata a 2015, lokacin da hare-haren Boko Haram suka tashi ƙauyukan bakin iyaka. Na je mata da bayanin zobe da layi da gidaje. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ƙanwata, wake na ba ki, ki shuka, ki ba wanda kika ga dama. Hanyar nan kuwa na bi ta sau ɗaya, ba na son in gan ta a kan ƙwarya." Na ce to me zan sa. Ta ce ganyen wake ya isa.

Haka za a yi. Tata za ta kasance da ganye a baki, sauran jikin fari. Dada ta ce kada in cike wurin da ado don kunyar idon mutane.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Hunturu ya shigo. Ƙasa ta fara tsagewa. An bi da fartanya sama-sama don a toshe tsagar, laima ta daɗe. Ni da yara muka yi, ba kuɗi.

Lahadi, 15 ga Disamba

Tsutsa mai huda kara ta shiga majeri. Alamar ita ce ganyen tsakiya ya bushe alhali na gefe na kore, in ka ja sai ya zare, gindinsa a ruɓe. Na tsaga kara ɗaya na gan ta, ruwan hoda, tana kwance a cikin ɓargon. Feshi ba ya kai mata a can ko da ina yi. Mun cire waɗanda suka kamu mun ba awaki. Kawu ya ce daga karan dawar damina da aka bari tsaye a gonakin tudu take tasowa.

Duma ya ƙosa, igiyar ta bushe. Na yanke goma sha ɗaya, aka raba su da zarto, na jiƙa su cikin randa har cikin ya ruɓe, na kankare, suna shanye a inuwa. A rana tsagewa suke yi.

Litinin, 30 ga Disamba

Shanu sun shiga ta kudu da dare, sun ci burguri layi huɗu. An bi sawu, an je gaban jauro, makiyayin bai musa ba. An yanke masa jaka 4, ya biya 3. Na karɓa. Shanun nan su ne za su ci karan in an girbe, su bar mana taki, ba na son gaba da su.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na gama ƙwaryar Goggo, a kan duman gidanmu. Na kai mata kafin in shafa mata man shanu.

Ta juya ta a hankali tana bi da ɗan yatsa. Zoben Kano. Lanƙwasar Binuwai. Gida uku. Da ta zo kan ɗigon sai ta tsaya ta ƙirga, huɗu. Ta ce, "Tara na haifa."

Na ce na sa waɗanda ke raye ne, don kada in tayar mata da hankali.

Ta ce, "Ki sa su duka. Wasu sun kai shan miyar, wasu ba su kai ba, amma duk a gindin kuɓewar nan na goya su."

Na koma wajen Dada. Masu rai ɗigo baƙi cikakke, waɗanda suka rasu ɗan zobe mai fari a tsakiya. Zoben ya fi wuya, da tsinin wuƙa ake yi, kuma wurin ya riga ya matse. Biyu a Garwa, biyu a Gidar, ɗaya nan. Sauran matan da suka gani duk sun ce haka suke so. Ƙwaryar Inna ta yakuwa za ta ɗauki zobe uku, ban taɓa sanin na ukun ba sai yau.

Laraba, 22 ga Janairu

Dawa ta fitar da kai, safrari ya sunkuyar da wuya yadda ya saba. Jan-baki sun iso. Yara biyu na ƙauyen za su yi tsaro safe da yamma da gwangwani da majajjawa, jaka 10 har girbi. Burgurin gefe na rage ɓarna amma ba ya hanawa, suna tsallake shi su sauka kan majeri.

Talata, 4 ga Fabrairu

Wani mai kai kayan hannu shagunan Yawunde ya ga ƙorai biyu a wajen Dada, ya biyo ni gida. Jaka 15 kowace, in kuma zan ƙara mata masu daka da masu ɗauke da tulu, jaka 20. Na ce ba na sayarwa ba ne, mazubin iri ne, kuma masu daka sun cika kasuwar 'yan sana'a ta Marwa, ya je can.

Da yamma na ba Goggo labari ina jiran yabo. Ta ce, "Jaka 15? Aurena uku ba wanda ya ba ni haka a hannu. Ki zana wata ki sayar masa, ki kawo min rabona."

Na rasa ta cewa. Labarin nata ne, ba nawa ba. Abin da na tsayar: ta asali tana nan da iri a ciki, ba ta fita unguwa. Wadda ta yarda a yi kwafi a sayar, kuɗin biyu za a raba, rabi nata. Wadda ba ta yarda ba, shi ke nan. Zuwa yanzu uku sun yarda, Inna ta ƙi, maƙwabciyar Kolofata ban ma tambaye ta ba.

Jumma'a, 14 ga Fabrairu

Zaɓen iri kafin girbi. Kawu na gaba ina bin sa da buhu. Ba ya ɗauka daga gefe, ba ya ɗauka inda iri biyu suka yi iyaka, domin a nan ne suke gaurayuwa. Yana neman kai mai nauyi, a cure, ƙwaya launi ɗaya, kara ba huda. Babba ba shi ne gwani ba a wajensa, in ya ga wanda ya yi kyau a wuri mai ƙarancin laima, shi yake fara yanka. Ajagamari mun samu kai 31 masu kyau. Ya isa.

Ba ni da faɗa da irin zamani. S35 da aka fitar a nan a shekarun 1980, mai saurin nuna, ya ceci gidaje a shekarun da damina ta gajarta, har Cadi ya shiga. Amma shi dawar damina ce, kuma in ya ƙare akwai inda za a je a nemo. Ajagamarin Kawu in ya ƙare, sai dai a bi ƙauyuka ana cigiya.

Litinin, 24 ga Fabrairu

An sare, an shanya, an yanke kai, an yi sussuka, mata sun sheƙe. Safrari buhu biyu da rabi, majeri bai cika buhu ba saboda tsutsa da tsuntsu, burguri rabin buhu, ajagamari kwano goma sha biyu. A dunƙule buhu huɗu. Bai kai nisabi ba, amma an fitar wa masu shiƙa da almajirai. Girbi, sussuka da amalanke zuwa bakin titi, da mota zuwa gida: jaka 14. Wani mai kiwon turke ya sayi rabin karan jaka 12, sauran na bar wa shanun.

Lahadi, 9 ga Maris

Jiya ranar mata, gari ya cika da atamfar 8 ga Maris, masu maci sun yi abinsu. Mu azumi ya hana taron rana, ga girkin buɗa-baki, sai bayan asham muka zauna a tsakar gidan Goggo. Ƙorai bakwai aka gama. Aka jera su a tabarma, kowace da irinta a ciki da faifai a kai. Ba wanda ya yi jawabi. Gardama ce ta tashi kan ko karkashin Inna da na matar liman iri ɗaya ne, ba a kuma rabu a kai ba. Zan shuka su nesa da juna in gani.

Ƙa'idar da aka yarda: mai son iri ta ɗibi ƙoƙo ɗaya, in kaka ta yi ta dawo da biyu. Amaryar da za a kai wani gari ba ta biya. Ƙoran za su zauna a ɗakin Goggo, ita ce ba ta fita.

Lissafin karal: haya 30, irin dashe 3, sara da abinci 22, fartanya bayan ruwan Oktoba 6, dashe 25, tsaron tsuntsu 10, girbi da dako 14. Jimla jaka 110. An samu 12 na kara da 3 na ɓarnar shanu. Dillali ya taya buhu jaka 22, wato in na sayar yau ban mayar da kuɗina ba. Ba zan sayar ba sai Yuli ko Agusta in hatsi ya yi tsada, buhu biyu ma na gida ne.

Abin da ke gaba: in je wa mai gonar kafin Sallah, in nemi hayar shekara uku a rubuce, don ba zan tayar da kunyoyin tare ruwa a watan Mayu wani ya zo ya ci moriyarsu ba. A nemi wurin irin dashe a tudu tun yanzu. Ƙorai huɗu sun rage, riɗi, lalo, duma, da ɗaya ta wata mata 'yar Yagwa da ruwa ya ci rumbunta, tana neman jar dawar damina irin ta gidansu, an ce a gwada kasuwar Bogo ranar Alhamis. Wuƙa ɗaya ta karye, maƙeri ya ce dala ɗari.